Ranar da Tabon Mussata Ya Fito

Ko na so in manta da ranar ɗaurin auren Adda Luba, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa ta majalisar da ke bakin kasuwar Goronyo sai wani ya ɗaga murya, "Likita, ya amarya?" Ni kuwa ko budurwar kirki ban da, balle amarya. Mussata suke tambaya (mage ke nan, ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba). Likitan ma ba na asibiti ba ne, likitan mussa sunka laƙaba mini.

Tun ina ƙarami ina son mussa, amma abin bai zama ciwo ba sai da nas samu wayar da ke shiga intanet. Abokaina datarsu kan ƙwallo take ƙarewa, tawa kan bidiyon mussa. Ba wanda yak koya mini komi, ni da wayata munka yi karatunmu, wani Turancin in gane, wani in cike da hasashe. A nan nag gamu da wadda ake ce ma Bengal. Kai jama'a! In ba ku taɓa ganinta ba ku nema ku gani. Mussa ce ta gida, a kwano take cin abinci, a kan kujera take kwana, amma jikinta duk tabo ne irin na damisa, tafiyarta ma ta dabbar daji ce. An ce asalinta haɗi anka yi tsakanin mussar gida da wata ƙaramar kyanwar daji ta ƙasashen Asiya. Tana son ruwa, abin da sauran mussoshi sunka tsana. Har cikinta tabo ne. Kuma ga wanda yak kai ni ya baro: wai tana ƙarama akwai lokacin da wani gashi buzu-buzu ke rufe tabon, ka gan ta dishi-dishi kamar ba ita ba, sai ta girma ya washe.

Ranar da nak karanta wannan na ƙarshen, da na sani da barci nay yi.

Da rani ne, lokacin albasa. Baba ya tura ni garka, gonarmu ta rani, in buɗe ma fangalin albasa ruwa, don an sako daga dam, kanal ya cika har baki. Ina tsaye da fartanya sai nag ga wani abu yana tahowa bisa ruwa, kai a sama, ƙafafu na ta facal-facal. 'Yar mussa! Nam miƙa mata ƙotar fartanya tak kama, naj jawo ta. Mussa cikin ruwa, tana iyo, a Goronyo? (Yanzu da nay yi ɗan hankali na san ba iyo take ba, neman ranta take.) Da tas sha iska tab bushe sai nad duba ta da kyau: launinta kamar rairayin bakin gulbi, cikinta fari tas, ga zobe-zobe a wutsiya, ga gashi buzu-buzu. Tabo dai babu ko ɗaya. Nac ce ma kaina, ai dama haka waya ta ce, yana ƙarƙashi.

Kafin in isa gida na riga na haɗa mata tarihi. Nac ce lalle cikin baƙin da ke zuwa duba dam akwai wanda yaz zo da uwarta, ta ɓace mishi cikin ciyawa, ta haihu. Ba wanda yag gaya mini haka, amma da na maimaita shi a majalisa ya kai sau nawa, ni kaina sai naj ji kamar a gabana anka yi.

A gida kuwa ba wanda labarin ya burge sai Adda Luba, yayata da nake bi. Ita ma ba yarda tay yi ba, saurarona dai take. In na zauna ina nuna mata hotuna tana tankaɗe, sai ta ce, "To Auta, Allah shi fito da shi." Inna kuwa cewa take, "Mussa dai mussa ta. In ta kama kusu, barka."

To nan ne matsalar. Ba ta kama ɓera. Da idona nag ga ɓera ya gilma ta gabanta, ta bi shi da kallo kamar mai gaida maƙwabci, tam maida kai tak kwanta. Barcinta kuma wani abu ne: in ta ƙoshi, ko ɗaga ta kay yi ka juya ba ta farkawa. Na ce ma Inna irinsu ba a ɓera suke ɓata lokaci ba. Tac ce, "A mi suka ɓata shi?" Ba a jima ba munka samu amsa. Busasshen kifin da Inna tat tara a kwando don miyar biki, wanda anka kawo mata tun daga masuntan bakin dam, mussata tab buɗe murfin (ni ban san yadda tay yi ba, a raina har na ɗan yi alfahari) tac ci na ci, taw watsa sauran a ƙasa.

Maganar ta kai ga Baba. Baba ba mai faɗa ba ne, kuma shi ne abin tsoron, don in ya yanke magana ta yanku. Yak kira ni zaure, yac ce, "Kawunka Manu zai zo biki daga Rara. Kusu ya dame shi ga rumbu. Shi tahi da ita, yunwa ta koya mata sana'a."

Nad durƙusa. Nac ce Baba wagga ba irin mussar rumbu ba ce, in an kai ta ƙauye an yi asarar abin da babu irinshi a ƙasar Sakkwato duka. Naf fito da waya ina nuna mishi hoto. Yas sa tabarau yad duba hoton, yad duba mussar da ke miƙe bakin ƙofa, yas sake duba hoton.

"Ina tabon?"

"Yana tahowa, Baba. Gashi ya rufe shi."

"Tun rani shina tahowa?" Yac cire tabarau. "To. In ya iso kahin a ɗaura auren Luba, ta zauna. In bai iso ba, Manu na nan."

Daga ranar na koma kamar mai jiran tsiron iri. Kullum da safe in kai ta rana in bubbuɗa gashin da yatsa. Na taje ta da matajin Inna (Inna ba ta san wannan ba, kuma don Allah kada a gaya mata). Na sayo mata ƙwai da kuɗin datata. Ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, tabo ko alama.

Ana cikin haka biki ya matso, Baba yab ba ni goro da alewa in kai ma dangi a Rabah da Maikujera, in tsaya in taho da wata gwaggonmu tsohuwa da ba ta iya shiga mota ita kaɗai. Kafin in tafi nash shiga ɗakin Adda Luba. Ita da za a kai Wurno, ta bar gidan da anka haife ta, ita ya kamata a lallasa, amma ni ne naz zauna gabanta ido ya cika da ƙwalla saboda mussa. Nac ce, "Adda, ki duba mini ita. Wataƙila kwanakinta na ƙarshe ke nan a gidanga." Tad dube ni ta jima, tac ce, "Tahi abinka, Auta. Allah na nan."

Ban dawo ba sai da hantsin ranar ɗaurin aure. Gida ya cika, ba wurin taka ƙafa, tukwane na ta tafasa, mata kowa hannu ya sha lalle. Ban ko gaida kowa da kyau ba nan nufi bayan ɗakin girki inda take kwanciya.

Jama'a, ga ta kwance a rana, bayanta duk tabo.

Tabo! Baƙi a gefe, ja-ja a tsakiya, manya da ƙanana, tun daga kafaɗa har gindin wutsiya, wasu har da ɗan buɗi a gefe ɗaya daidai yadda yake a hoton da ke fuskar wayata. Nad durƙusa a wurin. Na yi hamdala ta fi a ƙirga. Na shafa, ba abin da yab biyo hannuna. Wani ɗan ƙamshi-ƙamshi na tashi daga jikinta, amma a ranar gidan duka ƙamshin yake, ban kawo komi ba. Mutum mai hankali da ya tsaya ya tambayi kanshi yadda abin da yaƙ ƙi fitowa wata da watanni zai fito cikin 'yar tafiyar Rabah. Ni abin da nat tambayi kaina shi ne: su wa zan fara nuna ma?

An ɗaura aure bayan azahar. Maza sunka dawo ƙofar gida sunka zazzauna kan tabarmi ƙarƙashin darbejiya, anka fito da farantan shinkafa. Ga Baba a tsakiya, ga liman, ga dangin ango da sunka zo daga Wurno da manyan riguna, ga Kawu Manu ya naɗe hannun riga yana ta aiki. Ya ma zo da kwandon da zai sa ta, yana ɗaure bayan babur ɗinshi, na gan shi. Nas sa sabon yadina, naɗ ɗauki mussata da ta riga ta ƙoshi da ƙashin kifi tana gyangyaɗi, naf fito ina takawa kamar mai kai ma sarki doki.

Na durƙusa gaban Baba na aje ta kan tabarma. Nac ce, "Baba, ya iso."

Baba yal lalubo tabarau. Wani dattijo cikin mutanen Wurno yaj janye ƙafarshi, yac ce, "Subhanallahi! Ɗan damisa kuka kiwo cikin gida?"

Wannan tambayar ita nake jira tun da anka haife ni. Nag gyara zama naf fara. Na yi musu bayanin kyanwar dajin Asiya. Na yi musu na ruwa, da yadda nag gan ta tana ratsa kanal "kamar kada". Na kawo labarin baƙon dam, wanda a ranar har ya samu farar mota da hular kwano. Sirajo, ƙanen ango, yaf fito da tashi wayar yab bincika, yana duba hoto yana duba ta, yac ce, "Wallahi ita ce. Kun ga, ita ce sak!" Waya ta shiga zagaye hannu zuwa hannu. Liman ya gyaɗa kai yana faɗin ikon Allah. Kawu Manu kanshi ya tsaya da loma a hannu, yac ce, "To, ni dai rumbuna bai kai matsayin wagga ba."

Baba yad dube ni ta saman tabarau. Bai yi murmushi ba, amma na san fuskarshi. Yac ce, "Magana ɗaya ce. Ta zauna."

Kun ji fa. An gama. Na ci nasara. Abin da yar rage shi ne in ce na gode, in ɗauki mussata in shige gida.

Amma ina! Daɗi ya riga ya hau mini kai. Ga taro, ga ido duk a kaina, ga sauran karatu a cikina bai fita ba. Nac ce, "Tsaya, ai ba ku ga babbar shaidar ba. Akwai masu kama da ita, amma ta asali ana gane ta ne a ciki. Ta gaske har cikinta zane ne." Ni kaina ban duba cikin ba tun da nad dawo, tsabar murna. Nak kama ƙafafunta na gaba, nab birkice ta a hankali, ita kuwa tam miƙe ƙafa huɗu a sama tana ci gaba da barcinta.

Akwai zane kam.

Fure ne. Babba, a tsakiyar farin cikin, da kunnuwanshi a jere gwanin kyau, da ɗigo-ɗigo kewaye da shi, da reshe da yal lanƙwasa yag gangara wajen cinya, da 'yan ganye a jikin reshen.

Ban san tsawon shirun da anka yi ba. Na dai ji wata akuya ta yi kuka can bayan gida, kuma na yi fatan ni ne ita.

Kawu Manu yas sunkuyo, yaƙ ƙura ido, yac ce, "Kai, tsaya. Wanga hure na san shi. Wallahi shi na ga hannun matata, da shi taz zuba mini kunu da sahe."

Wani cikin 'yan Wurno yac ce, "Nima irinshi na baro gida."

Da na yi shiru a nan ma da da sauƙi. Sai naj ji bakina yana cewa, "Ai... ai masu tsadar cikinsu, tabonsu dama kamar fure yake."

Kawu yac ce, "Har da ganye?"

Shi ke nan. Wurin yaf fashe. Sirajo ya kwanta kan tabarma yana dukan ƙasa. Dattijon da yaj janye ƙafa yana dariya har tari ya sarƙe shi, sai da anka ba shi ruwa. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunshi na rawa. Kawu kuwa bai gama da ni ba: "Ɗana, ita ma yau za a kai ta ɗaki? A faɗa mana mu san sadaki, ga shaidu ba su watse ba!" Baba ya cire tabarau yana ta goge shi da bakin riga, yana gogewa, yana gogewa.

Na suri mussata na yi cikin gida, ina zaton can ne mafaka. Ashe labari ya riga ni. Ina sa ƙafa tsakar gida wata gwaggo tar rangaɗa guɗa, sauran sunka amsa. "Ga ango ga amarya!" Haka nar ratsa su, kunnena kamar ya kama wuta, har ɗakin Adda Luba.

Tana zaune tsakiyar ƙawayenta, lulluɓe, idonta ya kumbura da kukan amare. Gefenta Hajjo mai lalle ce, wadda tay yi ma matan gidan duka zane, tana tattara kayanta. Na juya mussar na nuna musu cikin.

Adda taz zaro ido. "Hajjo! Ba baya kaɗai nac ce miki ba? Ba hoton nan nan nuna miki ba?"

Hajjo ko a jikinta. Tac ce, "Na yi bayan yadda kic ce, kin gani ai, ko mai ita bai gane ba. To sai taj juya cikin barci, nag ga wuri fari tas, ga sauran lalle ga leda. Ni hannuna bai iya ganin farin wuri shi wuce."

Adda tas sa hannu tar rufe baki, kuma a bayan hannun ga furen nan, shi ɗin dai, har reshen da ganyen. Dariya take, hawaye na zuba. Tac ce, "Auta, yi haƙuri. Na ga zan tahi, ita ma za a tahi da ita, a bar ka kai kaɗai. Zato nay yi za ka nuna ma Baba daga nesa. Wa yac ce ka tara mutanen Wurno?"

Na so in yi fushi, na nemi fushin ban same shi ba. Sai naz zauna ƙasa gefen gadonta, mussa a cinyata, muna ta dariya muna sharce hanci mu biyu.

Da la'asar sakaliya motoci sunka zo ɗaukar amarya. Anka kai ta zaure wajen Baba, yar riƙe hannunta yay yi mata nasiha gajeruwa, muryarshi ƙasa-ƙasa. Sunka tafi. Gida yay yi wani irin fayau, sai tabarmi da ƙasusuwa da farantai. Baba na zaune kan buzunshi yana kallon hanyar da motocin sunka bi. Ni kuma ina raɓe jikin bango, don na ga Kawu Manu yana kwance kwandon daga bayan babur. Ban da bakin roƙo. Sharaɗi sharaɗi ne, tabon kuma na Hajjo ne.

Mussar ta sulale daga hannuna. Duk faɗin zauren ba ta ga wurin kwanciya ba sai gefen buzun Baba. Tam miƙe, tab birkice, taɗ ɗaga ƙafa huɗu sama, furen na kallon rufin ɗaki.

Kawu yash shigo da kwando. "To Yaya, a ba ni damisa in kama hanya, kada magariba ta riske ni."

Baba yad duƙar da kai yana kallon furen. Ya jima. Sannan yas sa yatsa ɗaya yash shafa shi a hankali.

Yac ce, "Bar ta, Manu. Ɗiya guda ta ishe ni hitarwa yau."

Tabon bai daɗe ba, yab bi gashi ya zube kaɗan-kaɗan. Furen ne yaf fi jimawa, kamar da gayya. (Daga baya na karanta cewa lalle ba shi da kyau ga mussa in ta lasa, Allah dai ya tsare tawa, don haka kada wanda ya gwada.) Yanzu ta koma launin rairayinta, sunanta Amarya ko na so ko ban so ba, kuma har yau ita da ɓeraye zaman lafiya suke. Kullum bayan sallar asuba tana gefen buzun Baba, shi da yac ce a kai ta Rara shi ke ɓoye mata kan kifi a takarda. Ni kuma ban daina kallon bidiyon Bengal ba, kuma in kun ba ni dama yanzu ma sai in yi muku bayaninta har ku gaji.

Abu guda dai na koya, kuma shi ban same shi a waya ba: in kana magana mutane sunka ce sun yarda, to ka yi godiya ka tashi. Kada ka ce sai ka juya musu cikin mussa.